Masu Wucewa Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Gardole, Njamena
Litinin, 6 ga Oktoba 2025, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma

Zuwa ga Kaka Ilyasu, mai unguwar Zango, Kulmari.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar Zango baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Mama da ke kumbura in ta daɗe a tsaye.

Wataƙila ba za ka gane ni ba. Ni ce Sharifa, jikar Delu 'yar baffanka, wadda aka kawo aure Gardole, ta rasu shekara huɗu ke nan. Sau ɗaya ka taɓa ganina, ranar da ka zo gaisuwar rasuwarta, har ka ce na yi tsawon banza.

Minti arba'in ke nan da dawowata daga aiki, kuma takardu uku ne a gabana. Na gama jami'a a watan Yuli, na samu aiki a wani ƙaramin ofishin nazari a unguwar Abena. Meri ta Kulmari, wato ofishin magajin garinku, ta ba mu aikin rubuta tarihin garin da yawan mutanensa unguwa-unguwa, don za a sake tsara gari a fitar da filin tsayawar manyan motoci kusa da mashigin Kamaru. Ni aka ba ɓangaren Zango saboda ina jin Hausa. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba zan miƙa rahoto.

Takarda ta farko rajistar kwamandan Faransawa ce ta 1951. Ta ce Zango sansanin maniyyata ne, mutum 31, masu wucewa. Ta biyu ta 1987 ce, mutum 208, masu wucewa. Ta uku ƙidayar meri ce ta 2019. Garin duka mutum 5,906. A layin Zango an rubuta mazauna babu ko ɗaya, masu wucewa 412. A ƙasa akwai sunanka da dangwalen yatsa.

Kaka, masu wucewa ba sa ƙaruwa daga 31 zuwa 412 a wuri ɗaya. Ka'idar sabon tsarin ita ce unguwar mazauna ba a taɓa ta, amma sansanin masu wucewa ana iya ɗaga shi. Na duba taswira sau uku. Filin motocin a kan Zango aka zana shi. In ba a gyara wannan lamba ba, za a tashe ku.

Yatsan naka ne? An karanta maka abin da ke ciki kafin ka dangwala? Da Faransanci aka rubuta shi.

Falalu direba zai kawo maka wannan. Na fi son amsa a rubuce, domin abin da aka faɗa a waya ba na iya sa shi a rahoto.

Jikarka,
Sharifa

*

Zangon Kulmari
Talata, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Sharifa, amaryar da ba ta san ƙofar gidan mijinta ba.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ruwan kogin Logon ya cika har gindin katangar duwan, wato ofishin kwastan, amma bai shigo mana ba. A gaishe da uwarki, ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. 'Yata Ikilima ce ke rubuta mini, ita ce ungozomar asibitin garin nan, kuma na hana ta ƙara ko rage kalma.

Na gane ki sarai. Na kuma gane gidan ubanki. Baffanki Taufiq ba shi ne mai motoci huɗu da ke kwana a bakin hanya suna jiran duwan ba? Direbobinsa a masallacinmu suke salla, a rijiyarmu suke wanka, kullum suna kukan babu wurin tsayawa. Shekara huɗu ba aike ba gaisuwa, ranar da aka tuna da ni sai ga takarda daga gidan masu motoci tana cewa za a tashe mu. Na sa Ikilima ta maimaita mini layin nan har sau uku. Ban ji inda kika ce kina tsoro ba. Sanarwa na ji.

Yatsan nawa ne. An karanta mini da Faransanci, an fassara da Larabci, kuma ko ba a fassara ba na ji, don na yi shekara uku a lakwal, makarantar boko, kafin a haifi uwarki. Abin da aka rubuta gaskiya ne. Mu ba 'yan Kulmari ba ne.

Ki faɗa mini wanda ya aiko ki, sannan mu yi magana.

Kakanki,
Ilyasu

*

Gardole
Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyu da rabi na rana

Kaka, na samu takardarka yau da hantsi. Na gode Allah da ruwa bai shiga muku ba. Mama na gaisuwa, ƙafar da sauƙi.

Motocin Baffa Taufiq biyar ne, ba huɗu ba. Ban ɓoye wannan ba, ban dai ga ya shafi tambayata ba. Bayan na karanta takardarka na je shagonsa na tambaye shi ko ya san da maganar filin. Ya ce bai sani ba. Sai dai kafin in fita ya tambaye ni filin eka nawa ne, kuma ban ji daɗin tambayar ba. Na yi masa sallama na fito. Wanda ya aiko ni shugaban ofishinmu ne, Malam Abbas, shi kuma meri ce ta ba shi aiki.

Tunda ka fito fili, bari ni ma in fito. Ka ce ku ba 'yan Kulmari ba ne. A Kulmari aka haife ka, a nan aka haifi Kaka Delu, takardar haihuwarta na cikin akwatin Mama. Na yi ta juya maganar, dalili uku kawai na iya samu. Ko mutanen Zango ba su da takardun ƙasa, kuna tsoron in an ce mazauna za a bincika. Ko wani ya riƙe ka da wata magana da ba ka iya faɗa. Ko kuma, ka yafe mini, an riga an shirya da kai, an yi maka alkawarin wani wuri, sauran mutum 411 ba su sani ba.

In na farko ne, akwai hanyar gyara. In na biyu ne, ka sa Inna Ikilima ta ja layi a ƙarƙashin kwanan wata, zan gane. In na uku ne, ban san abin da zan yi ba.

Ina roƙon jerin gidajen Zango da sunan kowane maigida.

Sharifa

*

Gardole
Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe shida da kwata na safe

Kaka, ina gaisuwa. Yau kwana goma sha bakwai ban ji daga gare ku ba. Ina fatan lafiya ce.

Falalu ya ce ruwa ya yanke hanya, mota ba ta kai wa Kulmari. Amma shi da bakinsa ya ce ya ba mai kwalekwale takardata ranar 18, mai kwalekwalen kuma ya ce ya miƙa a hannunka. Saboda haka ba ruwa ne ya hana amsa ba.

Malam Abbas ya ce in kwafe lambar 2019 in rufe babin, tunda mai unguwa da kansa ya sa hannu. Na buga layin a na'ura sau biyu ina gogewa.

Ranar Asabar na je unguwar Atrone wurin wani tela, Yunusu, da aka ce mini haifaffen Zango ne. Shekararsa ashirin da biyu a Njamena, 'ya'yansa shida. Na tambaye shi ko shi mazaunin Atrone ne, ya ce a'a, wucewa yake yi. Na ce wucewa zuwa ina. Ya yi dariya, ya ce in tambayi mai unguwa, ya ci gaba da taka kekensa. Kaka, wa ya haɗa muku baki har nan? Saura kwana ashirin da biyar.

Sharifa

*

Asibitin Kulmari
Lahadi, 9 ga Nuwamba

'Yata Sharifa, ina gaisuwa. Ni ce Ikilima. Wannan karon bakina ne, ba na Baba ba, kuma bai san na rubuto ba. Lafiyarsa ƙalau, fushi ne kawai. Takardarki ta biyu tana ƙarƙashin buzunsa. Maganar an saye shi ce ta soke shi. Mutumin da rigunansa biyu ne.

Babu wanda ya haɗa mana baki. Da shi aka haife mu. Na yi mamaki da Gwaggo Delu ba ta taɓa gaya muku ba.

Kakan Baba, Malam Jamaluddeen, ya taso daga ƙasar Damagaram da ayarin mutum ashirin da wani abu, a ƙafa, za su Makka. Suka haye Logon a nan, suka tarar fadamun gabas duk ruwa. Ya ce a sauke kaya har ruwa ya janye. Kafin ya janye ciwo ya kwantar da shi. Da ya ga ba tashi zai yi ba, ya tara 'ya'yansa ya ce kada a kwance masa niyya. Kada wani daga zuriyarsa ko ta ayarinsa ya buɗe baki ya ce ya zauna, har sai ayarin ya isa. Kabarinsa na bayan masallacinmu.

Tun daga nan ba ma gini da siminti. Ba ma shuka itacen da za a jira 'ya'yansa, shi ya sa duk Kulmari mangwaro amma Zango babu ko ɗaya. Kowane gida akwai ƙullin kaya da ba a kwancewa. Duk shekara in ruwa ya janye har dutsen mashigi ya fito, sai a yi ɗaurin kaya. Kowa ya fito da ƙullinsa, mai unguwa ya ɗauki sandar Malam, a taka zuwa wata tsamiya a gabashin gari, a yi addu'a, sai ya ce bana hanya ba ta buɗe ba, sai baɗi. A juyo gida a ci tuwo. Mutum biyu sun je hajji ta jirgi, tsofaffi suka ce wannan tasu ce, ba ta ayari ba.

Don haka in mai ƙidaya ya tsaya a ƙofa ya ce mazauni ko mai wucewa, ko yarinya 'yar shekara bakwai ta san amsa. Takardun ƙasa kuwa muna da su, ni da albashin gwamnati nake ci.

Ni dai na karɓi haihuwa ɗari biyu da sittin da uku a Zango, ban ga wanda ya wuce ko'ina ba sai maƙabarta. Amma wannan tsakanina da ke ne.

Dutsen ya fara leƙowa. Baba ya sa ɗaurin kaya ranar Alhamis 20 ga wata. In za ki rubuto masa, ki fara da ban haƙuri, kada ki fara da lamba.

Innarki,
Ikilima

*

Gardole
Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe biyar saura minti goma na yamma

Kaka, ina gaishe ka, ina kuma neman gafararka. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, na rubuta shi da hannuna. Ban da hujja ko ɗaya lokacin da na rubuta, kuma ni ce mai cewa ba a magana sai da hujja. Kada ka yi wa Inna Ikilima faɗa don ta rubuto mini labarinku. Ni na matsa.

Akwai wani ƙulli a ƙarƙashin gadon Kaka Delu da ba ta bari a taɓa. Muna yara muna cewa zinariya ce. Bayan rasuwarta Mama ta kwance, sai ga 'yar tabarma, da ƙaramar gora, da farin ƙyalle, da takalmin fata da ba a taɓa sawa ba. Muka yi ta kallon juna. Mama ta ba da takalmin sadaka. Jiya na gaya mata ko mene ne, ta tashi ta shiga ɗaki.

Wajibi ne in faɗa maka wani abu kuma. Na sake bincikawa. Baffa Taufiq ya nemi wuri a filin motocin tun watan Agusta, na ga sunansa a jerin masu nema, lamba ta bakwai. Ƙarya ya yi mini. Bai aiko ni ba, amma zarginka bai faɗi ƙasa duka ba.

Ga yadda abin yake. Takardar meri gurbi biyu gare ta, mazauni da mai wucewa. Na tambaya ko za a iya ƙara na uku, aka ce a'a. A ka'idarsu duk wanda ya kwana wata shida a wuri mazauni ne. Takardar ba ta tambayi niyyar mutum ba, inda yake kwana ta tambaya. Na san wannan a wurina ne yake da sauƙi, ba ni zan buɗe baki in faɗa ba.

Na haɗo da takardun gyara. Kowane maigida zai rubuta mutanen gidansa ya dangwala, kai kuma ka dangwala a ƙarshe. Sai sun iso ni kafin 26 ga wata. In ba ku cika ba, ba zan rubuta abin da ba ku faɗa ba. Zan sa 412 masu wucewa, in yi bayani a ƙasan shafi. Malam Abbas ya ce bai taɓa ganin wanda ya karanta ƙasan shafi a meri ba, kuma ina jin gaskiyarsa.

Abu ɗaya na ƙarshe, don na auna a taswira da ma'auni. Iyakar filin ta wuce masallacinku da mita talatin ta baya.

Jikarka,
Sharifa

*

Zangon Kulmari
Juma'a, 21 ga Nuwamba

Sharifa, wa alaikis salam. Muna lafiya, ruwa ya koma. Na yafe miki. Ikilima ma na yafe mata, ko da yake tana rubuta wannan tana murmushi kamar ba ta yi laifi ba. Ki ce wa uwarki takalmin ya tafi inda aka yi shi domin ya je, wani ya taka ƙasa da shi.

Mita talatin ɗin nan na sa an auna da igiya. Kin san inda ta tsaya, ko ba ki sani ba kin yi zato. Ta wuce Malam da taku huɗu.

Jiya muka yi ɗaurin kaya. Muka isa tsamiya, aka yi addu'a, jama'a suna jiran in ce sai baɗi. Shekara ashirin da tara ina faɗar kalmar nan. Jiya ta ƙi fita. Na gaya musu abin da ke cikin takardarki, da sunan baffanki da komai. Yaya Abdurrahim, wanda ya girme ni da shekara shida, ya ce in za a tashe mu a tashe mu, ai dama matafiya ne, wataƙila hanyar ce ta buɗe da hannun meri. Wasu suka ce haka ne. Ni ma sai da na ji maganar ta shige ni.

Sai na ce masa, "Yaya, mu za mu tashi, mun ji. Malam fa? Mu ɗauki ƙulli mu bar shi motoci na zubar masa da mai?"

Ya ce alkawari alkawari ne. Na ce Malam ya ce kada a kwance masa niyya, bai ce a bar shi ƙarƙashin taya ba. Muka yi ta yi har rana ta take, mata na zaune a kan ƙullinsu. Daga ƙarshe na tsaya na faɗa da bakina, a gaban kowa, cewa ni Ilyasu jikan Jamaluddeen na zauna a Kulmari. Ban san haka kalmar take da nauyi ba. In da laifi a ciki, a wuyana yake, kada a tambayi kowa.

Gida hamsin da takwas sun dangwala. Gida uku sun ƙi, har da na Yaya Abdurrahim, kuma tun jiya bai amsa sallamata ba. Kada ki rubuta su mazauna. Ki bar su yadda suka ce.

Falalu zai ba ki takardun, da wani dogon abu naɗe a buhu. Sandar Malam ce. Wanda ya ce ya zauna ba shi da hurumin riƙe ta. Yaya ya ce shi ma ba zai karɓa daga hannuna ba. Ku kuna gaba da mu a hanya, kuma ke jininsa ce.

Ban yarda da baffanki ba. Ke ma ban gama yarda da ke ba, amarya, sai na ga abin da kika yi da yatsunmu. Kalas, magana ta ƙare.

Kakanki,
Ilyasu

*

Gardole
Juma'a, 28 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar na safe

Kaka, ina gaisuwa, kai da Inna Ikilima, da Kaka Abdurrahim in zai karɓa. Mama lafiya. Ita ta kwance buhun da hannunta.

Na miƙa rahoto yau ƙarfe tara da minti goma sha biyu. Wakilin meri ya buga hatimi, kwafin na wurina, wani kuma na tafe wurinka. A layin Zango na rubuta gida 61, mutum 437. Mazauna 419, masu wucewa 18. Kabarin Malam na sa shi a cikin shafi, ba a ƙasa ba, da nisansa daga masallaci. Malam Abbas ya ce na jawo masa magana, amma ya sa hannu. Baffa Taufiq ya daina gaishe ni, ya aiko a gaya wa Mama na zama 'yar Zango. Ta ce a ce masa dama.

A jami'a an koya mana rufe rahoto da abin da ba a gano ba. Na rubuta na meri. Wannan naka ne.

Ban san shekarar da ayarin ya haye Logon ba. Inna ta ce kafin babban yaƙin Turawa na biyu, rajista ba ta fara ba sai 1951.

Ban san su nawa ne ba. Ashirin da wani abu ba lamba ba ce.

Ban san ko meri za ta matsar da filin ba. An ce za su zauna a watan Janairu. An kuma ce haka bara a kan wata maganar.

Ban san abin da za a yi wa gida ukun nan ba in an bar sauran.

Ban san wanda ya fara ɗora fensir a kan Zango ba, ko ya san abin da kuke amsa wa masu ƙidaya kafin ya zana.

Ban san ko za a yi ɗaurin kaya baɗi ba, da wanda zai yi gaba.

Sandar na jingine a kusurwar ɗakina ta gabas. Na auna ta, mita ɗaya da santi arba'in da biyu, gindinta ya cinye ta gefe guda. Daga nan ina jin tashin jiragen sama. Ka ce muna gaba da ku a hanya, ba ka ƙara komai ba. Ban san ko ajiya ka ba ni ba, ko aike.

Jikarka,
Sharifa